Kafin Rigarka Ta Zare, Duba Cikinta

Yawancinmu in mun karɓo ɗinki, wuya da aiki muke dubawa, ba ma juya cikin rigar. Alhali daga can take fara mutuwa. Duk inda tela ya haɗa ƙyalle biyu, yana barin rarar yadi kamar santimita 1 da rabi a ciki. Shadda da atamfa saƙa ce, zaren tsaye da na kwance. Da zarar almakashi ya ratsa, babu abin da ke riƙe zaren baki. Kowane wanki sai ya ɗan zare, har ya cimma ɗinkin, sai ka ji ɓarrr a hammata ana tsakiyar lacca.

A birni injin wibin ne ke ɗaure wannan bakin. A garinmu Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, ba kowane tela ke da shi ba, ga matsalar wuta. Don haka nake amfani da allura da zare, kuma hanya biyu ce.

Ta farko ita ce dajiya. Juya rigar, datse zaren da ya yi gashi. Soka allura daga baya kamar milimita 3 daga baki, zaren ya zagayo ta saman bakin, ka sake sokawa daga baya. Bar tazarar milimita 5 tsakani. Kada ka ja da ƙarfi, yadin zai tattare.

Ta biyu kalmasa, ta fi ƙarko. Rage faɗin gefe ɗaya zuwa rabi, ka lanƙwaso mai faɗin ya rufe shi, ka kwantar, ka ɗinke. Duba wandon jins ɗinka, irinta ce a jiki.

Gargaɗi ga masu laita: yadin roba ne ke narkewa ya liƙe. Auduga kamawa take da wuta, wallahi sai ka yi asarar riga.

Fara da hammata, aljihu da hantsar wando, su ne ke shan ja. Kuma a yi tun kafin wankin farko. Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari kwanan nan ya san kuɗin yadi ba wasa ba ne ga ɗalibi mai lissafin kuɗin makaranta da na abinci. Rigakafi ya fi magani.