Kafin a Sayi Sabon Batir: Yadda Waya da Mita Ke Gano Abin da Ke Hana Tsohuwar Akori-kura Tashi

Da asubar hunturu direban tsohuwar Hilux ya gama lodin albasa, ya murza makulli, sai injin ya riƙa juyawa da ƙyar kamar wanda aka tasa daga barci. Nan take kowa zai ce batir ya mutu. Sau da yawa kuwa lafiyar batirin ƙalau. Sai mai mota ya zuba kuɗi ya sayi sabo, bayan kwana uku matsalar ta dawo, kayan kuma sun rasa kasuwa.

Abu biyu ne ke raba wannan gardama: ƙaramar mitar auna lantarki, irin wadda masu gyaran waya ke ajiyewa a teburinsu, da kuma kyamarar wayar salula.

Batir mai bolt 12 da ya kwana a cike yakan nuna kusan 12.6, idan ya nuna 12.2 to cajinsa ya koma wajen rabi. Sai dai wannan lamba tana yaudara, domin batirin da ya gaji kan nuna 12.6 yana hutawa, da an ɗora masa nauyi ya durƙushe. Gwajin gaskiya shi ne lokacin da ake tayar da injin. A nan waya ke da amfani: a jingina ta tana ɗaukar bidiyon fuskar mitar, a shiga a murza makulli, sannan a dawo a kalli bidiyon ana tsayar da shi. Mutum ɗaya ma ya isa. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6, ko dai batirin ya raunana, ko kik ɗin yana zuƙar wuta fiye da kima.

Idan kuma batirin ya tsaya sama da 10 amma injin na ta ja, to wutar a hanya take zubewa, kuma nan ne aka fi yin asarar kuɗi a banza. Kik yana jan ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa kaɗan, don haka ɗan tsatsar da ba ya hana fitila ko rediyo aiki ya isa ya shaƙe shi. Sai a ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir mai alamar +, ɗayan a kan babban noti na kik, a murza makulli. Duk abin da ya haura rabin bolt yana nufin kebur ɗin ko mahaɗarsa sun lalace. A maimaita tsakanin kan batir mai alamar − da jikin injin, domin wayar at ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ke shan ƙura da laka. Sau tari samfefa da sifana kaɗai ke kashe wannan matsala. A tabbata dai giya tana firi, an ja birkin hannu, hannu kuma ya yi nesa da fanka da bel.

In duk waɗannan sun fita lafiya, laifin kik ne: burushi ya cinye ko bushin ya saki. Dukan sa da sifana kan tayar da mota yau, gobe sai turi.

Bayan injin ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.8 zuwa 14.5, ƙasa da haka altaneta ba ya cika batir, kuma sabon ma zai bi sahun tsohon. Manyan motoci masu bolt 24 batir biyu ne a jere, sai a auna kowanne daban.

Masu son na'urar ELM327 da manhajar Torque su fara duba ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta soket ɗin OBD-II ne daga 1996, tsofaffin motoci da yawa ba su da shi, kuma ko akwai, manhajar ba ta ganin tsatsar da ke jikin kebur.