Majanyin Mota: Yadda Za Ki Zaɓa Wa Ɗanki Kujera

A wannan mako zan fara da wani abu da ya same mu a gida, domin ya zama gargaɗi gare mu duka.

Bara da kaka, bayan an sayar da gyaɗa da riɗi, yayana ya sayi mota 'yar Kwatano. Ran nan muka kama hanyar Dambatta za mu suna. Matarsa ta kwance goyo ta zauna gaba, ta ɗora yaron a cinya, shi kuwa watansa tara da haihuwa. Ba mu yi nisa ba sai ga akuya ta tsallako kwalta, Yaya ya taka birki. Kafin ƙiftawar ido yaro ya suɓuce, goshinsa ya bugi gaban mota. Allah ya taƙaita, ɗinki uku aka yi masa. Har yau uwar cewa take, "Wallahi na riƙe shi da iyakar ƙarfina."

Gaskiya ta faɗa, kuma birki kawai ke nan. Da karo ne, ko mota tana gudun kilomita 50 kacal a awa, yaro mai nauyin kilo 10 zai fizge kamar buhun masara biyu ko uku. Wace mace ce za ta tare wannan da hannu? Ga shi kuwa ƙasarmu ta arewacin Kano gari na bin gari, gona na manne da gona. Daga Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko daga Kano zuwa Dambatta, kwalta ta ratsa ƙauyuka, ga shanu, ga amalanke, ga babura, ga yara 'yan talla. Direba ba ya rabuwa da birki.

To, mene ne magani? Kowace uwa ta san ba ta zuwa rijiya da jariri a hannu, sai ta goya shi ta ƙara da majanyi. Ita ma mota tana da nata majanyin, watau kujerar yara wadda ake ɗaurewa a kujerar baya. Wani masani a ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da irin wadda ke juya yaro baya a 1964. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan kujeru suna rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. A nan gida kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana horon mutane cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya ne.

Kujera Iri Uku

Yadda takalmi ke yi wa yaro kaɗan, haka kujera. Saboda haka kafin a tafi saye, ki duba katin awo na asibiti ki san nauyinsa, ki kuma auna tsayinsa.

Ta fari ita ce ta jariri, daga haihuwa har ya kai kilo 13. Ana ɗaure ta yaro yana kallon bayan mota. Dalili kuwa, kan jariri babba ne, wuyansa bai yi ƙwari ba. In an yi karo yana kallon baya, sai jikin kujerar ya tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Sabuwar ƙa'idar Turai ta ce kada a juya shi gaba kafin wata 15, mutanen Suwidin ma sukan bari har wajen shekara 4. Kada ki damu don kin ga ƙafafunsa sun tanƙware, ba ya jin kome. Alamar ya fi ƙarfinta ita ce kansa ya kusa ɗara bakin kujerar.

Ta biyu ta yaron da ya fara tafiya ce, daga kilo 9 zuwa 18. Tana da maɗauri nata na kanta da ke bi ta kafaɗu da ƙugu da tsakanin ƙafafu. Amma kada ki yi gaggawar sauya masa muddin ta farin tana ɗaukarsa.

Ta uku ta ɗan makaranta ce, daga kilo 15 zuwa 36. Aikinta ta ɗaga shi sama, domin bel ɗin mota ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu. In babu ita sai bel ya kwanta masa a wuya da ciki, ya yi ɓarna maimakon tsaro. Yana nan a kanta har tsayinsa ya kai santimita 135.

In An Je Kasuwa

Yawancin kujerun da za a samu a Kano na gwanjo ne, kuma araha ba ta ado. Ki ce wa maigida ya juya kujerar ya nemi 'yar takarda mai ruwan lemo, da harafin E cikin da'ira, da R44 ko R129. Ita ce shaidar an gwada ta bisa ƙa'idar Turai, kuma a kanta aka rubuta nauyi ko tsayin yaron da ta dace da shi. A duba ko'ina. In akwai tsaga a jikin robar, ko maɗauri ya tsufa ya fara zarewa, ko makullin ba ya kamawa da ƙara, a bar ta. Wadda ta taɓa shiga haɗari ma ta gama aiki, ko da ido bai ga kome ba. Abin da ya fi, a tafi da motar a gwada kafin a biya. In an ɗaure ta an girgiza, bai kamata ta yi rawa ba.

Sa'an nan ga abu uku da za ki riƙe. Kada a taɓa sa kujerar jariri a gaba, inda jakar iska ke fashewa in an yi karo, gama bugunta kaɗai na iya kashe shi. Ki ja maɗauri ya kama jiki, yadda ba za ki iya tsunkulo shi da yatsu ba. Da bazara kuma ki lulluɓe kujerar da zane in an ajiye mota, don ƙarfen makullin yana ƙuna, kada kuma a bar yaro a mota a rufe ko na ɗan lokaci.

Wadda Ba Ta Da Mota

Na san mafi yawanmu motar haya muke shiga, ita kuwa ba ta san kujerar yara ba. Duk da haka akwai abin yi. Ki nemi baya, ki ƙi gaba ko an ce nan ne kaɗai ya rage. Kada ki haɗa kanki da yaro cikin bel ɗaya, gama nauyinki ne zai matse shi. Kada ki bar shi jikin ƙofa. Motar da aka cusa mutane har but, gara ki jira ta baya.

In kuwa akwai mota a gidanku, ki zaɓi lokacin da maigida ya huta ki yi masa bayani. Kuɗinta bai kai na asibiti ba, kuma ɗaukar adashi na iya rage nauyi. Kujera ɗaya, in an kula da ita, sai ta yi wa ɗanki ta koma wa na facalarki. In Inna ta ce Allah ke tsarewa, ki amsa da ladabi cewa haka ne, amma ai an ce tashi in taimake ka.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan, gama ƙannenku ne a cinya. Namu yaron yanzu yana da kujerarsa, tabon goshin nan kuwa shi ke tuna mana kullum.

Allah ya tsare mana zuriya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.