Tristan da Cunha: tsibirin da kwalekwale ba ya kwana a ruwa

A tsakiyar kudancin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 2,800 daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, akwai tsibirin Tristan da Cunha, wanda ke ƙarƙashin Birtaniya. Mazaunansa ba su kai 300 ba, kuma duk a gari ɗaya suke. Babu filin jirgin sama. Mai son zuwa sai ya yi kusan kwana 6 a jirgin ruwa.

Gina gida a nan ba ya farawa da ciniki. Ƙasar ta jama'a ce baki ɗaya, baƙo kuwa ba ya sayen fili komai kuɗinsa, abin da zai ba duk wanda ya taɓa bin sawun takardar mallakar fili a Abuja mamaki. Tun zamanin William Glass, sojan da ya zaɓi zama lokacin da Birtaniya ta janye dakarunta a 1817, mutanen suka saba aikin gayya. Sukan sassaƙa duwatsu masu laushi da aman wuta ya bari, su ɗaga bango mai kauri, gajere, don iskar yamma ta wuce ta kansa. Jinka kuwa da wata doguwar ciyawa mai asali daga New Zealand ake yin ta, wadda kuma ake shukawa a matsayin shinge. Da yake tsibirin ba shi da manyan itatuwa, katakon tsofaffin gidaje da yawa daga jiragen da suka tarwatse a gaɓar aka samo shi. Yau kwano ya maye gurbin jinka, amma kowane falle da kowane buhun siminti sai ya jira jirgi.

Nan ne wahalar take. Gida, idan ya tsaya, ya tsaya. Jirgi ne ba shi da wurin kwana. Tsibirin ba shi da wata kusurwa da ke kare ruwa daga igiya. A 1961 dutsen ya yi aman wuta, aka kwashe mutanen zuwa Ingila, narkakken dutse kuma ya binne gaɓar da suke sauka. Bayan yawancinsu sun komo a 1963 ne aka gina 'yar tashar Calshot, mai sunan wurin da aka tsugunar da su a Ingila.

Tashar ƙarama ce, ruwanta ba zurfi. Manyan jirage a can nesa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar kaya da fasinja, in teku ya yarda. In bai yarda ba, jirgi ya yi ta jira kwana da kwanaki, gari yana hango shi. Jiragen kamun kifin garin ma ba a barin su ɗaure a ruwa: da sun dawo, injin ɗaga kaya ya tsamo su ya ajiye a tudu. Igiya na yawan cin bangon tashar, har a 2008 sai da injiniyoyin sojan Birtaniya suka zo gyara.

Wannan tsantseni yana da tarihi. A 1885 maza 15 suka fita da kwalekwale don tarar wani jirgi da ke wucewa, ba a sake ganin su ba. Manyan maza 4 kaɗai suka rage a garin.