Tsohon Injin Jirgin Ruwa Da Gyaransa

A Bahar Maliya, wajen Suwakin, akwai jiragen katako masu tafiya da iska, amma da injin man gas a cikinsu. In iska ta kwanta kusa da duwatsu, inji kuwa ya ƙi tashi, to, rai da dukiya suna cikin haɗari. Irinsa ne ke jan injin niƙa da famfon ban ruwa, ciwonsu ɗaya.

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago shi, ya yi aiki sosai a 1897. Ba shi da filogi. Fistan ke matse iska har ta yi zafi, mai ya kama da kansa.

Saboda haka in ya ƙi tashi, gwani yakan fara duba mai. Ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin tanki, ya sake filta, sa'an nan ya sassauta noti, ya yi ta buga ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, watau iskar da ta shiga bututu ta fita.

Hayaƙi kuma yana ba da labari. Baƙi, kaya sun yi yawa ko iska ta kasa. Shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, galibi ringi ya cinye. Fari, ruwa ne ko man da bai ƙone ba.

In ruwan sanyaya inji ya daina fita ta salansa, sai a kashe nan da nan, a cire ciyawar da ta toshe matata, a duba robar famfo. Wanda ya yi jinkiri, makanike zai sha kuɗinsa.