Mutanen Hadza: Baka a Hannu Tun Daga Yaye

Da la'asar sakaliya, idan rana ta fara sanyi a kan duwatsun da ke kewaye da tafkin Eyasi a arewacin Tanzaniya, mazan Hadza sukan taru a gindin kuka, kowa da abin da yake gyarawa. Wani zai tura siririn reshe cikin toka mai zafi, ya zaro shi, ya kafa masa haƙori ya lanƙwasa, sannan ya ɗaga shi ya bi shi da ido ɗaya don ya ga ko ya miƙe. Wani yana ƙwanƙwasa ƙusa a kan dutse. Wani kuma yana tauna jijiyar dabba don ta yi laushi. Hira na tafiya, hannu bai tsaya ba.

Yawan Hadza bai wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba, kuma waɗanda har yau suke ci daga daji kaɗai, ba noma ba kiwo, 'yan ɗaruruwa ne a cikinsu. Harshensu, mai cike da sautukan ƙyas-ƙyas na baki, ba shi da dangi da aka tabbatar a duniya. Mata su ke tonon saiwoyi da tsinkar 'ya'yan itace. Maza kuwa zuma da farauta, kuma makaminsu baka ne da kibiya.

Wannan makami ya tsufa ƙwarai. A kogon Sibudu da ke lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, masu tonon kayan tarihi sun sami ƙananan tsinin dutse da suka kai shekara 64,000, waɗanda karayarsu da sauran danƙon da ke jikinsu suka nuna cewa kan kibau ne. Itace ba ya jure zama a ƙasa kamar dutse, shi ya sa bakunkunan kansu suka ruɓe. Mafi tsufan baka da aka samu cikakku su ne na Holmegaard a ƙasar Denmak, da aka tono daga fadama a shekarun 1940, masu kimanin shekara 9,000. Sai kuma mutumin nan da ake kira Otzi, wanda aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya a 1991. Ya rasu shekara 5,300 da suka wuce, yana ɗauke da baka mai tsawon mita 1.82 da bai gama sassaƙawa ba, da kibau 14 waɗanda biyu kaɗai ya kammala, ga kuma tsinin kibiyar wani a kafaɗarsa ta hagu. Waɗannan kaya suna ɗakunan adana tarihi, ba mai iya tambayar masu su yadda suka yi. A ƙasar Hadza kuwa ana iya zama a ga aikin da ido.

Babu masassaƙin baka na musamman a cikinsu. Kowane namiji shi ke yin nasa. Yakan shiga daji ya zaɓi reshe miƙaƙƙe na itacen da suke kira mutateko, ko na wani ɗan'uwan dargaza. Ya ɓare ɓawon, ya bi shi da wuƙa yana kankarewa, tsakiya da kauri, bakin sama da na ƙasa suna sirancewa. Inda ya karkace sai ya gasa shi a toka, ya soka shi tsakanin rassa biyu ya danna har ya daidaita. Bayan haka ya shafe shi da kitse don kada ya bushe ya tsage. Tsirkiya daga jijiyar manyan namun daji ake murɗa ta, musamman raƙumin dawa da jakin dawa, ko da yake yanzu ana ganin ta zaren leda a hannun wasu. Da yawa sukan zura wa bakan zobban fatar dabbobin da suka kashe, har ya zama mai kallo na iya karanta tarihin maharbi a jikin makaminsa.

Bakan ba na wasa ba ne. Wani bincike da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa jan tsirkiyar bakan Hadza yana buƙatar ƙarfin da ya kai kimanin kilo 30, a hannun mutanen da yawancinsu ba su kai kilo 60 ba, kuma kibiyar na tafiya kimanin mita 45 cikin daƙiƙa guda.

A wajen kibiya ne gwanintar ta fi fitowa, domin kowace dabba da tata. Ta tsuntsu da ƙananan dabbobi itace ce zalla da aka fiƙe, wani lokaci a sa mata totuwar masara kusa da baki don ta buge tsuntsu ba tare da ta wuce ta ɓace ba. Ta matsakaitan dabbobi tana da ƙarfe mai faɗi kamar ganye. Ta manya kuwa ƙarfenta mai kunne ne, kuma ita ce ake shafa wa dafi. Ƙarfen daga ƙusa ake samo shi: a ɗora ta kan dutse a yi ta bugu ba tare da wuta ba har ta baje, a yanke, a wasa. Wasu kuma sukan kai zuma ga maƙeran Datoga, maƙwabtansu makiyaya, su karɓo kan kibau. A gindin kibiyar ana ɗaura gashin zabon daji ko na ungulu da siririyar jijiya. Maharbin ƙasar Hausa zai lura da bambanci biyu nan take: kibiyar kyauro da ya gada ba ta da gashi, kuma shi yana rataya kwari, alhali Bahadze yakan riƙe kibansa a hannu tare da bakan.

Amma a wajen dafi, sai a ce gida ɗaya suka fito. Dafin da Hadza ke kira panjube daga kariya ake yin sa, wannan itace mai kumburarren gindi da jan fure da aka sani a ƙasar Hausa. Suna sare rassan, su matse ruwan, su dafa shi a kan wuta har ya yi baƙi ya yi kauri kamar kwalta. Na biyun, shanjo, daga dakakkun 'ya'yan wani itace ne ɗan'uwan kwankwani, wanda maharban Hausa su ma suka daɗe suna haɗa dafi da shi. Dukansu zuciya suke tsayarwa. Ana mulmula dafin a wuyan ƙarfen, a naɗe shi da fata don kada rana ta kashe shi ko ya yanki mai shi. Idan kibiya ta sami raƙumin dawa, maharbi ba ya binsa da gudu. Yakan lura da inda ya nufa, ya koma sansani, daga baya ya dawo da 'yan'uwa su bi sawu da ɗigon jini, wani lokaci har washegari. In an same shi, sai a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, a ci saura.

To, yaya suke auna abin harbi? Bakan ba shi da wata alamar saiti. Bahadze yakan kafa ido a kan dabbar, ya ja, ya saki, duk cikin numfashi ɗaya. Masu wasan harbi na Turai da Amurka suna kiran wannan harbin ilhami, amma sunan ya rage wa aikin daraja. Yaron Hadza yana samun ɗan bakansa tun yana shekara uku ko huɗu. Yana wuni yana harbin ƙadangaru, ɓeraye da tsuntsaye a bayan bukkoki, kuma abin da ya kaso shi zai gasa ya ci. Kafin ya kai shekara goma ya saki kibau da ba su ƙidayuwa, idonsa ya san nisa, kafaɗarsa ta san nauyi. Ga shi kuma shi ya sassaƙa bakan, shi ya miƙe kibiyar da haƙoransa, don haka ya san halin kowace ɗaya. Sauran aikin sanɗa ne: tafiya a duƙe, iska na bugun fuska, har a matso kusa. Da rani kuwa, a daren farin wata, mutum biyu sukan kwana a maɓoya kusa da mashaya suna jiran abin da ƙishirwa za ta kawo.

Baka ya shiga har cikin dokokin zamansu. Nama babba ba na wanda ya harbe shi ba ne shi kaɗai. Ana raba shi ga dukan sansani, kuma ba a son maharbi mai cika baki. Wasu sassa na babbar dabba ana kiransu epeme, manyan maza kaɗai ke cin su a keɓe, kuma saurayin da ya kashe babbar dabba yana shiga sahunsu. James Woodburn, Baturen Ingila da ya fara zama da Hadza a 1958, ya ba da labarin wata caca tasu mai suna lukuchuko, inda ake jefa faifan ɓawon itace a jikin bishiya. Mutum na iya zuba kibansa masu ƙarfe da wuƙarsa duka a cinye, amma ba a taɓa sa baka da kiban tsuntsu a cacar, saboda kada a bar mutum ba abin neman abinci.

Abin da ke barazana ga wannan sana'a shi ne ƙasa. Gonakin albasa da masara sun cinye wuraren da ake samun ruwa, garkunan shanu sun kori namun daji, an sare itatuwa don gawayi. A 2011 gwamnatin Tanzaniya ta ba Hadza na kwarin Yaeda takardar mallakar ƙasa ta gargajiya a kan fiye da hekta 20,000, kuma matasansu suna sintiri a cikinta don hana sara da kutse. A ƙauyukan Mongo wa Mono da Domanga, har yau ana ganin yara da safe suna bin juna tsakanin duwatsu, kowa da bakan da bai wuce tsawon hannun babansa ba, suna laɓaɓa wa kurciya.