Maganin Sa Barci a Ɗakin Tiyata: Me Ya Sa Haɗarinsa Ba Ɗaya Ba Ne Ga Kowa?

A ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci sinadarin eta, aka cire masa ƙari a wuya ba tare da ya ji zafin wuƙa ba. A yau magungunan sa barci sun inganta ƙwarai, ta yadda da wuya mai cikakkiyar lafiya ya rasa ransa ta dalilinsu. Galibin haɗarin yana tattare ne da cutar da mutum ya shiga ɗakin tiyata da ita.

Yadda maganin yake aiki

Barcin tiyata ya sha bamban da barcin dare. Maganin yakan danne aikin ƙwaƙwalwa, ya rage numfashi, ya buɗe jijiyoyin jini har ƙarfin gudun jini ya sauka. Haka kuma yakan kashe tarin da ke hana abu faɗawa huhu. Lafiyayyen jiki yana iya jure wannan, amma gaɓar da ciwo ya riga ya raunana ba ta da sauran ƙarfin da za ta kai ɗauki.

Masu amosanin jini

Wannan ya fi shafar mu, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila. Himogilobin ɗin mai sikila yakan dunƙule idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Abubuwan da ke jawo haka su ne ƙarancin oksijin, da sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, kuma duka ukun suna iya haɗuwa a lokacin tiyata: an hana majiyyaci ci da sha, ɗakin da sanyi, numfashi kuma ya ragu. Abin da aka fi tsoro shi ne toshewar jijiyoyin huhu, wadda kan bayyana 'yan kwanaki bayan aiki. Saboda haka likitoci kan sa ruwa tun da wuri, su ɗumama jiki, su ba da oksijin. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya nuna cewa ƙarin jini kafin aiki yana rage irin waɗannan matsaloli.

Sauran cututtuka

Mai hawan jini ko ciwon zuciya, jininsa kan yi sama da ƙasa farat ɗaya, abin da ka iya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon sukari kuwa, sukarinsa na iya faɗuwa yana cikin barci, ba shi da halin faɗin yana jin jiri, don haka ake yawan auna shi. Ga mai asma, bututun numfashin da ake zura masa a maƙogwaro na iya sa hanyoyin iska su tsuke. Idan hanta ko ƙoda ba ta da lafiya, magani yakan daɗe bai fita daga jiki ba.

Akwai kuma larurar gado. A 1960 Dokta Michael Denborough na Ostireliya ya ba da labarin wani dangi da mutum 10 daga cikinsu suka rasu sakamakon maganin sa barci. Wasu magunguna, irin su halotan, kan sa tsokar masu wannan larura ta ƙage, jiki ya yi zafi fiye da kima. Maganinta shi ne dantirolin.

Abin da ya hau kan majiyyaci

Ƙa'ida ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, domin kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu. Kada tausayi ya sa uwa ta ba yaro koko a ɓoye. Sannan wajibi ne a gaya wa likitan sa barci kome: cutar da ake da ita, da magungunan da ake sha, har da na gargajiya, da taba, da ƙwayoyi irin su tiramol, da labarin duk wani ɗan'uwa da ya taɓa samun matsala a tiyata. Da wannan bayani ne yake zaɓen magani da adadinsa, ko ma ya zaɓi allurar baya mai kashe rabin jiki. Ɗaliban da ba su san rukunin jininsu na gado ba, wato AA ko AS ko SS, ya kamata su je a gwada su tun suna da lafiya.