Asalin Kalmar "Crap" Da Labarin Thomas Crapper

Ɗalibai da dama sun sha jin kalmar "crap" a finafinan Amurka ba tare da sanin ma'anarta ba. Mai karatu ya yi mana gafara, kalma ce ta rashin ladabi a Ingilishi. Ma'anarta ta farko kashi, wato bayan gida. Ma'ana ta biyu kuwa tarkace ko maganar banza. Don haka ba a faɗinta a gaban malami, ba a kuma rubuta ta a jarrabawa.

Akwai wani labari da ya bazu game da asalinta. An ce wai wani Bature mai aikin famfo a Landan, Thomas Crapper, shi ya ƙirƙiro masai mai aiki da ruwa, sai aka ciro kalmar daga sunansa. Lalle an yi mutumin. An haife shi a 1836, ya rasu a 1910, kuma kamfaninsa ya sayar da masai masu ɗauke da sunansa. Amma mu auna labarin da shekaru, kamar yadda muke auna kowane zato a ɗakin gwaji.

Da farko, ba shi ya ƙirƙiro masan ba. John Harington ya bayyana irinsa tun 1596. A 1775 kuma Alexander Cumming ya yi rajistar bututu mai lanƙwasa kamar harafin S, wanda ke riƙe ruwa ya hana wari dawowa. Na biyu, ƙamusun Oxford ya nuna an rubuta kalmar da ma'anar bayan gida a 1846, lokacin Crapper yana ɗan shekara goma. Labarin ya ƙara bazuwa ne bayan littafin da Wallace Reyburn ya wallafa a kansa a 1969.

To, daga ina ta fito? A Ingilishin ƙarni na 15 akwai kalmar "crappe", ma'anarta ƙaiƙayi ko dusar hatsi. Daga baya ta haɗa da abin da ya kwanta a gindin tukunyar giya, da ragowar kitse bayan an narkar da shi. Ke nan duk abin da ya saura bayan an ɗebe mai amfani.

A nan ne masanin halittu zai ga hikimar ma'anar. Aikin hanji tamkar sheƙa ne: ƙaramin hanji ya tsotse abincin da ya narke, babban hanji ya tsotse ruwa, sauran a fitar. Kimanin kashi 75 cikin 100 na wannan saura ruwa ne. Ragowar kuwa yawanci ƙwayoyin bakteriya ne da dusar da ba ta narke ba.

Saboda haka, idan ɗalibi ya ji labari mai daɗi irin na Crapper, ya fara tambayar shekarar da abin ya faru da kuma inda aka rubuta shi.